Rufus: bitar manhajar da ke mayar da filashi abin tayar da kwamfuta

Duk wanda ya taɓa sauke fayil ɗin ISO na Windows ko na Ubuntu (wani nau'in babbar manhajar Linux), ya jawo shi ya jefa a cikin filashi kamar yadda ake jefa hoto ko takarda, sannan ya kashe kwamfuta ya sake kunnawa yana jiran ta tashi daga filashin, ya san abin da ke biyo baya. Kwamfutar ba ta yin ƙorafi, ba ta kuma yin bayani, wucewa kawai take yi ta buɗe tsohuwar babbar manhajarta kamar ba a soka mata komai ba. Dalilin shi ne fayil ɗin ISO kwafi ne na faifan CD ko DVD ɗungurungum, da fayilolin da ke ciki da tsarin da aka jera su da kuma bayanin da kwamfuta ke karantawa tun kafin ta san akwai wani abu wai shi Windows. Sunan ma daga ƙa'idar ISO 9660 ya samo asali, wadda aka kafa a 1988 domin tsara bayanai a kan faifan CD, daga baya a 1995 aka ƙara mata abin da ake kira El Torito domin faifan ya iya tayar da kwamfuta. Filashi ba faifai ba ne, kuma kwamfuta ba ta neman bayanin tashi a kansa a inda take nemansa a kan faifai, saboda haka dole sai an sami wata manhaja da za ta warware fayil ɗin ta sake shimfiɗa shi yadda ya dace da filashi.

Manhajar da na fi daɗewa ina amfani da ita wajen wannan aiki ita ce Rufus, kuma ita ce zan yi bitarta a nan. Pete Batard ne ya rubuta ta, ta fara fitowa a ƙarshen 2011, kyauta ce, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ƙarƙashin lasisin GPL na 3, ta yadda duk mai ilimin abin zai iya dubawa ya ga me take yi. Da farko ƙaramar manhaja ce ta yi wa filashi fomatin da ɗora masa DOS, tsohuwar babbar manhaja mai aiki da rubutaccen umarni, sannu a hankali aka ƙara mata karanta ISO, aka ƙara mata UEFI, wato sabuwar hanyar tashin kwamfuta, har ta kai inda take a yau. Girmanta 'yan megabait ne kawai, ba a girka ta, ana sauke fayil ɗaya ne daga shafinta na rufus.ie ko daga Microsoft Store a buɗe shi, sai ta nemi izinin mai kula da kwamfuta, wanda ba ta da makawa sai ta nema tunda za ta taɓa sassan filashin da manhajoji na yau da kullum ba su isa su taɓa ba. Akwai wani nau'inta mai harafin p a ƙarshen suna, wanda ke ajiye saitunansa a wani ɗan fayil kusa da shi, wannan ya fi dacewa da mai yawo da kayan aikinsa daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

Taga ɗaya ce tak Rufus take da ita, kuma komai yana cikinta. A sama ana zaɓar filashin, a ƙasansa ana danna SELECT a nuna mata fayil ɗin ISO, sai wasu akwatuna na tsarin rabon faifai da irin kwamfutar da ake nufi da tsarin fayil, sannan maɓallin START a can ƙasa. Wanda bai saba ba zai ga akwatunan sun yi masa yawa, kuma ban ga laifinsa ba, domin kalmomi irin su GPT da MBR da NTFS ba su gaya wa baƙo komai. Amma ra'ayina, wanda shi ne jigon wannan bita, shi ne waɗannan akwatuna su ne darajar manhajar. Rufus ba kwafa kawai take yi ba, ginawa take yi, kuma mai gini dole ya san filin da zai aza tubali. Da zarar an nuna mata ISO, takan leƙa cikinsa ta cike akwatunan da abin da ta ga ya fi dacewa, kuma galibi zaɓinta daidai ne. Abin da ba za ta taɓa iya sani ba shi ne wace kwamfuta za a kai filashin, kuma a nan ne mafi yawan masu cewa ta ba su kunya suke yin tuntuɓe.

Bari in tsaya a kan wannan, domin shi ne wurin da ya fi cin lokacin mutane. Kwamfutoci suna tashi ta ɗaya daga cikin hanyoyi 2. Tsohuwar hanya ita ce BIOS, wadda ke karanta sashen farko na faifai mai bait 512, ta miƙa ragamar ga ɗan umarnin da ta tarar a wurin. Wannan hanya tana tafiya da tsarin rabo na MBR, wanda ba ya ɗaukar fiye da manyan ɓangarori 4, kuma ba ya iya amfani da abin da ya haura terabait 2 a faifai na yau da kullum. Sabuwar hanya ita ce UEFI, wadda ke shiga cikin filashin ta nemi wani fayil na musamman a wata jaka sananniya, kuma ita abokiyar tafiyar GPT ce. Tun daga 2012, lokacin da Windows 8 ta fito, kwamfutocin da aka sayar da tambarinta suna zuwa ne da UEFI, sai dai da yawansu suna da wani saiti da ake kira CSM ko Legacy wanda ke sa su kwaikwayi tsohuwar hanya. Idan aka shirya filashi a kan GPT domin UEFI kaɗai, aka kai shi ga kwamfutar da ke tashi ta tsohuwar hanya, ba zai yi aiki ba, amma a nan Rufus ta yi wani abin da nake yaba mata: ta dasa ɗan saƙo a filashin wanda zai bayyana a allo ya gaya wa mutum cewa ya tayar da filashin UEFI ta hanyar BIOS, ya kuma faɗa masa abin da zai gyara. Baƙin allo da ba ya cewa komai ya fi wannan wahalar sha'ani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma kuskuren da ke bayyana can gaba, bayan filashin ya tashi lafiya, inda shirin girka Windows zai ƙi karɓar faifan kwamfutar yana cewa tsarin rabonsa GPT ne, ko kuma MBR ne. Mutane da yawa sukan ɗauka filashin ne ya lalace, alhali abin da ya faru shi ne an tayar da shi ta hanyar da ba ta dace da faifan ciki ba, domin Windows da aka tayar ta UEFI tana son faifan GPT, wadda aka tayar ta BIOS kuma tana son MBR. Idan kwamfutar da za a gyara tana iya buɗewa, hanya mafi sauƙi ta sanin matsayinta ita ce a rubuta msinfo32 a wurin bincike, a duba layin da ke nuna yanayin BIOS, zai nuna UEFI ko Legacy. Minti 1 da aka kashe a kan wannan ya fi sake rubuta filashi sau 2. Ga wanda bai san kwamfutar da zai tarar ba, Rufus tana da ɓoyayyen saiti da ake kunnawa da Alt da E, wanda ke ba da damar yin filashin Windows mai tashi ta hanyoyin biyu, sai dai babu inda aka rubuta wannan a fuskar manhajar, sai wanda ya karanta shafin tambayoyinta ne zai sani.

Inda Rufus ta yi wa takwarorinta fintinƙau shi ne batun FAT32, wanda shi da NTFS tsarin fayil ne, wato yadda ake jera fayiloli a filashi ko faifai. Ƙa'idar UEFI ta wajabta wa kwamfuta iya karanta tsarin FAT, ba ta wajabta mata NTFS ba, don haka filashin da ake son kowace kwamfuta ta gane shi ya kamata ya kasance FAT32. Matsalar ita ce FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4 cif, iyakarsa bait 4,294,967,295, alhali fayil ɗin install.wim da ke cikin ISO na Windows 10 na baya-bayan nan da na Windows 11 ya zarce haka. Wanda ya gwada kwafar abin da ke cikin ISO da hannu zuwa filashin FAT32 zai ga komai ya tafi daidai har sai an iso wannan fayil, sai aikin ya tsaya. Maganin da Rufus ta kawo shi ne ta yi wa babban ɓangaren filashin fomatin na NTFS, ta yanki wani ɗan mitsitsin ɓangare na FAT a ƙarshensa ta sa masa abin da ake kira UEFI:NTFS, wanda aikinsa shi ne ya tashi da farko ya koya wa kwamfutar karanta NTFS, sannan ya miƙa ragamar ga shirin girkawa. A shekarun baya wannan dabara tana tilasta wa mutum kashe Secure Boot, wato kariyar da ke hana kwamfuta tashi daga abin da ba shi da sa hannun da ta amince da shi, kafin filashin ya tashi, amma tun daga sigar 3.17 ta 2021 an sa wa wannan ɗan ɓangare hannun da Secure Boot ke amincewa da shi, wannan wahala ta kau. Mai amfani ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan, shi dai ya danna START ne, kuma a ganina haka kyakkyawan kayan aiki ya kamata ya kasance.

Idan ISO na Linux ne, lamarin ya ɗan sha bamban. Yawancin masu rarraba Linux suna gina fayilolinsu ta yadda za a iya ƙona su a faifai ko a zuba su kai tsaye a filashi, bait bayan bait, su tashi a duka biyun. Idan Rufus ta ga irin wannan fayil, wanda ake kuma kira hoto domin kwafin faifai ne, takan tambaya ko a rubuta shi a yanayin ISO ko a yanayin DD. A yanayin ISO tana warware fayilolin ta jera su a filashin da Windows ke iya buɗewa, don haka sauran wurin da ya rage yana da amfani, ana iya ajiye wasu abubuwa a ciki. A yanayin DD kuwa tana kwafar hoton ne yadda yake ba tare da ta taɓa komai ba, wanda shi ne ainihin abin da masu Linux ɗin suka gwada kafin su saki fayil ɗin. Ita tana ba da shawarar yanayin ISO, ni ma da shi nake farawa ga Ubuntu da danginta, amma idan filashin ya ƙi tashi ko shirin girkawa ya ce bai ga kayansa ba, komawa DD ne abu na farko da ya kamata a gwada kafin a zargi wani abu.

Yanayin DD yana da wani sakamako da ke tsorata mutane. Bayan an gama, Windows tana iya nuna filashin gigabait 32 a matsayin mai 'yan megabait kaɗan, ko ta ɓoye shi gaba ɗaya, ko ta fito da saƙo tana neman a yi masa fomatin. Filashin lafiyarsa ƙalau, ɓangarorin da ke kansa ne Windows ba ta gane ba, kuma wanda ya amsa wannan saƙo da to ya rushe aikin da ya gama yi da hannunsa. Idan an gama amfani da shi ana son a mayar da shi filashin ajiya, Rufus ɗin ce dai za ta yi aikin, a zaɓi Non bootable a akwatin da ake zaɓar ISO a danna START, sai ya dawo da cikakken girmansa. Ya kamata in ƙara da cewa a yanayin ISO wani lokaci takan nemi izinin sauke wasu 'yan fayilolin Syslinux ko GRUB, manhajojin da ke tayar da Linux, da suka dace da sigar da ke cikin hoton, saboda haka wanda zai yi aikin a inda babu intanet gara ya san da wannan tun da wuri. Tana kuma iya ware wa Ubuntu da Debian wani ɓangare na ajiya mai ɗorewa, ta yadda abin da aka yi a Linux ɗin da ke gudana daga filashin ba zai ɓace ba idan an kashe kwamfuta. Yana aiki, amma a filashi mai arha jinkirinsa yana gwada haƙurin mutum.

Abin da ya ƙara wa Rufus suna a 'yan shekarun nan shi ne Windows 11. Da ta fito a ranar 5 ga Oktoba 2021, ta zo da sharuɗɗan TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta) da Secure Boot da ƙwaƙwalwar RAM ta gigabait 4 da wurin ajiya na gigabait 64, tare da jerin na'urorin sarrafawa da aka amince da su, wanda a ɓangaren Intel ya fara galibi daga ƙarni na 8. Kwamfutoci masu yawa da ke aiki lafiya suka faɗo a wajen layi, kuma da tallafin Windows 10 ya zo ƙarshe a ranar 14 ga Oktoba 2025 matsin ya ƙaru. Idan aka ba Rufus ISO na Windows 11 aka danna START, takan fito da wata ƙaramar taga mai akwatunan zaɓi, a ciki akwai cire sharaɗin RAM da Secure Boot da TPM, da cire tilascin shiga da asusun Microsoft, da ƙirƙirar asusu na cikin kwamfuta da sunan da aka ga dama, da tsallake tambayoyin tattara bayanai, da hana BitLocker, makullin bayanai na Windows, kulle faifai da kansa. Galibi tana yin haka ne ta hanyar ƙara wani fayil na amsoshi wanda shirin girkawa dama an gina shi ya karanta. Cire tilascin asusun yana aiki ne idan kwamfutar ba ta haɗe da intanet a lokacin girkawa, kuma asusun cikin gida da ta ƙirƙira yana zuwa ba tare da kalmar sirri ba, sai daga baya Windows ta nemi a sa.

Ina amfani da wasu daga cikin waɗannan akwatuna, musamman na asusu da na tambayoyin bayanai, domin suna rage dogon zama a gaban allo. Amma game da tsallake sharuɗɗan na'ura, ba na ba kowa shawarar ya danna ido rufe. Microsoft ta bayyana cewa kwamfutar da aka ɗora wa Windows 11 ba tare da ta cika sharuɗɗa ba ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma akwai iyakar da babu manhajar da za ta iya tsallake ta: daga sigar 24H2, Windows 11 tana buƙatar na'urar sarrafawa mai gane wasu umarni da ake kira POPCNT da SSE4.2, wadda ba ta da su ba za ta tashi ba ko da wane akwati aka danna. Rufus ta buɗe ƙofa ne kawai, ba ta yi alkawarin abin da za a tarar a ciki ba. Ga kwamfutar gwaji ko ta karatun yara wannan ba wani abu ba ne, amma ga wadda ake ajiye lissafin kasuwanci a cikinta ya kamata a yi tunani sau 2.

Akwai abubuwa 2 na bincike a cikinta waɗanda mutane ke tsallakewa, kuma ni ma na daɗe ina tsallake su har sai da na ɗanɗana kuɗata. Na farko ɗan maɓalli ne kusa da SELECT wanda ke lissafa lambar tantance fayil, wato MD5 da SHA-1 da SHA-256. Lambar SHA-256 jerin haruffa da alƙaluma 64 ce, kuma ko bait 1 ne ya sauya a fayil ɗin za ta sauya gaba ɗaya. Ubuntu tana wallafa tata a fayil mai suna SHA256SUMS, Microsoft ma tana nuna tata a shafin da ake sauke ISO, don haka gwada su yana tabbatar da cewa fayil ɗin ya sauka cikakke kuma ba a yi masa kutse a hanya ba. Na biyu shi ne binciken ɓatattun sassan filashi, wanda ke ɓoye a ƙarƙashin ƙarin zaɓuɓɓukan fomatin. Na taɓa sayen wani filashi da aka rubuta wa gigabait 64 a jiki, aka rubuta masa Windows ba tare da wani ƙorafi ba, amma duk lokacin da aka zo tsakiyar girkawa sai shirin ya ce wani fayil ya lalace. Na sake sauke ISO, na sake rubutawa, na sauya ramin USB, har na fara zargin faifan kwamfutar, sai daga ƙarshe na kunna wannan bincike ya nuna mini cewa filashin jabu ne, ainihin abin da yake iya ɗauka bai kai abin da yake iƙirari ba, yana karɓar bayanai yana zubar da su. Binciken yana da jinkiri sosai, zagaye 1 ma yana iya cin lokaci mai tsawo a babban filashi, amma sabon filashin da ba a san asalinsa ba ya cancanci a yi masa shi sau 1.

Game da sauri ba ni da dogon bayani. Rufus ba ta ɓata lokaci, amma filashin ne ke yanke hukunci, ba manhajar ba. USB 2.0 iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa, USB 3.0 kuma gigabit 5, kuma filashi mai arha ba ya kusantar ko ɗaya daga cikinsu wajen rubutu. Idan aikin ya yi kamar ya tsaya cak a kan install.wim, ba tsayawa ya yi ba, fayil ɗin ne babba.

Sai kuma inda ta gaza. Na farko, a kan Windows kaɗai take aiki, mai Mac ko Linux ba shi da rabo a cikinta. Ko a Windows ɗin ma, sigar 4.0 zuwa sama tana buƙatar Windows 8 ko wadda ta fi ta, mai Windows 7 sai ya nemi 3.22, mai XP ko Vista kuma 2.18. Na biyu, filashi 1 hoto 1 ne, duk lokacin da ake son wani ISO daban sai an share komai an fara daga farko. Na uku, ba ta sake karanta abin da ta rubuta ta gwada shi da asali bayan ta gama, ko da yake sababbin sigogi suna da wani zaɓi da ke sa filashin ya binciki kansa a lokacin tashi ta UEFI. Na huɗu, wanda ya fi damuna, shi ne ilimin da ake buƙata domin fahimtar zaɓuɓɓukanta yana warwatse ne a shafin tambayoyi da gajerun bayanan da ke fitowa idan an ɗora linzami a kan akwati, ga kuma tarin saitunan da ba a isa gare su sai ta haɗa Alt da wani harafi. A ɓangaren kariya daga kuskure dai ta yi ƙoƙari, domin ba ta nuna faifan cikin kwamfuta a jerin zaɓi, ba ta kuma nuna manyan faifan ajiya na USB sai an kunna wannan da gangan, sannan tana gargaɗi da sunan filashin kafin ta share shi. Duk da haka, idan filashi 2 ne a soke, gargaɗin ba zai hana mai gaggawa share wanda ba shi ba, don haka na mayar da shi ɗabi'a in cire duk wani filashi in bar wanda zan rubuta kaɗai.

Ba za a yi wa Rufus adalci ba sai an ajiye ta kusa da abokan gasarta. balenaEtcher tana aiki a Windows da Mac da Linux, matakanta 3 ne kacal, a zaɓi hoto, a zaɓi filashi, a rubuta, kuma tana tantance abin da ta rubuta da kanta. Ga mai son ɗora Linux ko shirya katin ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta wadatar, kuma ta fi sauƙin koya wa baƙo. Sai dai girmanta ya haura megabait 100, kuma aikinta daidai yake da yanayin DD, wato kwafa ba gini ba, don haka ISO na Windows ba ya fitowa daga hannunta a matsayin filashin da za a dogara da shi, ita da kanta ma takan yi gargaɗi idan aka ba ta shi. Umarnin dd na Linux da Mac haka yake, ƙari a kan cewa ba ya tambaya ba ya gargaɗi, harafi 1 da aka kuskure a sunan faifai ya isa ya shafe faifan da kwamfutar ke gudana a kai. Media Creation Tool na Microsoft kuwa yana sauke Windows ya shirya filashin gigabait 8 ko fiye a tafiya ɗaya, ba ya tambayar GPT ko MBR, kuma ga wanda kwamfutarsa ta cika sharuɗɗa kuma sau 1 kawai zai yi aikin, ban ga dalilin da zai sa ya nemi wani abu daban ba.

Wadda ta fi ba ni sha'awa a cikinsu ita ce Ventoy, wadda ta fito a 2020 da wata dabara dabam. Ana girka ta a filashi sau 1, ta raba shi gida 2, ƙaramin ɓangare na megabait 32 domin tashi da babban ɓangare mai tsarin fayil na exFAT, daga nan sai a riƙa jefa fayilolin ISO a ciki kamar kowane fayil, idan kwamfuta ta tashi ta nuna jerinsu a zaɓa. Abin da na ce a farkon wannan bita ba ya aiki, wato jefa ISO a filashi, a Ventoy shi ne ainihin hanyar aiki. Ga mai gyaran kwamfuta da ke buƙatar Windows 10 da 11 da Ubuntu da faifan ceto duk a aljihu ɗaya, wannan sauƙi ne babba wanda Rufus ba ta da amsarsa. Amma Ventoy tana shiga tsakanin kwamfuta da hoton ne, kuma idan Secure Boot yana kunne sai an yi rajistar makullinta a karon farko a kowace kwamfuta, ta wani shuɗin allo da ke rikita wanda bai taɓa ganinsa ba. Idan wani hoto ya ƙi tashi ta cikinta, gano ko laifin hoton ne ko na tsanin da aka bi ya fi wuya.

Saboda haka filashi 2 nake ajiyewa. Babban yana ɗauke da Ventoy da tarin hotuna domin gwaji da ceto, ƙaramin kuma, mai gigabait 16, Rufus ce ke rubuta shi duk lokacin da zan ɗora Windows a kan kwamfutar da ba na son wata matsala ta ɓullo a tsakiyar aiki. Idan ta gama, sandar ci gaba ta cika ta koma kore da kalmar READY, ana rufe ta ne da CLOSE, domin sake danna START zai fara share filashin daga farko. Abin da ya rage shi ne a soka filashin a kwamfutar da ake nufi, a kunna ta ana danna maɓallin jerin tashi, wanda a Dell da Lenovo galibi F12 ne, a HP F9, a Asus kuma Esc ko F8. Idan sunan filashin ya bayyana sau 2 a jerin, ɗaya da kalmar UEFI a gabansa ɗaya babu, wanda ya dace da abin da aka zaɓa a akwatin tsarin rabo shi za a ɗauka.